Daga sobolo zuwa khal: tambayoyin da ake yi mini kan bokitan bayan ɗakina

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a nan Kumasi ta ƙasar Ghana, haifaffen unguwar Aboabo. Shekara goma ke nan ina tara kwalabe da bokitai a bayan ɗakina. Ina haɗa sobolo, wato zoɓo, da lamurji, ina kuma yin khal, ruwan tsamin nan da Turawa ke kira vinegar, da ɓawon abarba, wani lokaci da yazawa. Ba da shi nake ci ba, sha'awa ce ta kama ni. Tun da labari ya bazu ba na rasa mai tare ni a ƙofar masallaci bayan La'asar, ko mai turo saƙon murya ta WhatsApp. Wasu sana'a suke nema, wasu tsoro suke kada su shayar da mutane giya ba su sani ba, wasu kuwa gulma ce ta kawo su. Na tattara tambayoyin a nan don bakina ya huta.

Malam, da gaske giya kake dafawa a bayan ɗaki?

Da wannan zan fara, tunda ita aka fi yi a bayan idona. Ba na sha, ba na sayarwa, ban taɓa miƙa wa wani ba. Amma ba zan ɓoye muku ba: duk mai yin khal, a gida ko a kamfani, sai tukunyarsa ta bi ta garin giya kafin ta isa.

Tafiya ɗaya ce mai zango uku. Zangon farko ruwa ne mai zaƙi, kamar sobolo ko ruwan abarba. Sai yis ya faɗa ciki ya cinye sukarin, ya fitar da abu biyu: iskar da ke yin kumfa, da sinadarin da ke sa maye. Wannan ne zango na biyu. Idan aka bar bakin tukunyar iska tana shiga, sai wasu ƙwayoyin bakteriya su zo su cinye sinadarin mayen, su mayar da shi tsami. Zango na uku ke nan, khal. Sunan da Turawa ke kiran khal ma daga Faransanci yake, ma'anarsa giyar inabi da ta yi tsami.

Mai sobolo so take ta tsaya a zangon farko. Mai pito, wato giyar dawa, ta tsaya a na biyu. Ni kuma so nake in wuce na biyun da sauri, ko takalmi kada in cire.

Ticha, ban zuba yis ba. Me ya sa sobolona ke kumfa, robar kuma ta kumbura?

Hajiya, kin zuba, ba ki dai gani ba. Yis ba a leda kaɗai yake ba. Yana nan a fatar citta, a ɓawon abarba, a jikin ludayi, a bakin robar da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama. Halitta ce mai rai, ido ba ya ganinta. Sai wajen 1860 Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar wa duniya haka, alhali mutane sun yi dubban shekaru suna cin moriyarta.

Kuskuren da na fi gani shi ne wannan: a tafasa soɓorodo da kanumfari da kimba sosai, komai ya mutu, a sauke ya huce. Daga nan sai a markaɗa ɗanyar abarba da ɗanyar citta a tace a ciki, don ƙamshi. An kashe ɓarawo ta ƙofa, an shigo da wani ta taga. Idan kina son ƙamshin ɗanyen kayan, to ki san na yau ne, ko na firij. Idan kuma so kike ya kwana biyu, ki zuba su tun yana kan wuta. Yis ba ya jure zafin da ya haura digiri 60.

Ga lissafin da ya kamata kowace mai sana'a ta riƙe. Kimanin giram 17 na sukari a lita ɗaya, idan yis ya cinye shi tas, yana ba da kashi 1 cikin 100 na sinadarin maye. Sobolon da muke sha a nan ba ya rasa giram 100 a lita, don mu mutanen Zango ba ma wasa da zaƙi. Idan aka ƙyale shi ya kai ƙarshe, zai doshi kashi 6, ya zarce yawancin giyar kwalba da ke tsayawa a wajen kashi 5.

Yaya aka yi ka faɗa wannan harka?

Azumin 2015 ne, lokacin da dumsor, wato matsalar ɗauke wutar lantarki, ya kai intaha, wuta ta yi awa 24 ba ta nan, ta dawo ta yi 12. Mahaifiyata, Mma, tana yin lamurji na sadaka a kai masallaci lokacin buɗa baki. Ranar nan aka yi da yawa, ya ragu. Ni da wayona na ce kada a yi asara. Na ɗauko kwalaben gilashi shida masu murfin murɗawa, na cika su har wuya, na ɗaure tam, na jera a firij. Wuta ta ɗauke a daren, mu kuma muka manta da su.

A dare na uku, ana saura kamar awa ɗaya sahur, muka ji ƙara kamar an harba bindigar toka a tsakar gida. Ƙanena ya fito da taɓarya. Da na haska fitilar waya, ƙofar firij a buɗe take, ruwan citta na bin ƙasa yana tsuwwa, wani ɓallin gilashi mai tsawon ɗan yatsa ya kafe a jikin robar ƙofar. Kwalba biyu sun tarwatse, huɗu na jiran nasu lokacin. Warin da ya cika ɗakin ba na lamurji ba ne, irin wanda ake ji ne idan an wuce ta bayan gidan pito.

Mma ta tsaya a bakin ƙofa da carbinta a hannu, ta dube ni ta ce, "Kai ne mai koya wa 'ya'yan mutane kimiyya?" Ba ta ƙara ko kalma ba. Na lulluɓe sauran huɗun da tsohon bargo, na fita da su ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɗauke da ƙwai, na sassauta murfin a hankali a bakin kwata. Bayan salla na sayo balan-balan, na ɗaura a bakin kwalbar lamurji a gaban ɗalibaina, muka zuba ido muna kallon yadda take kumbura. Daga nan abin ya shiga raina.

Tun ranar ba na rufe abu mai zaƙi a gilashi. A roba nake sawa, don roba tana gargaɗi: ka matsa ka ji ta yi tauri kamar ƙwallo, ka san aiki ya fara a ciki.

To kwana nawa abin sha yake yi kafin ya zama giya?

Babu agogo ɗaya, zafi ne ke jan ragamar. Yis ya fi jin daɗi tsakanin digiri 25 da 35, wato daidai yanayin Kumasi, musamman a Fabrairu da Maris. Lamurjin da aka yi da ɗanyar citta aka bari a waje yakan fara motsi cikin yini ɗaya. A firij mai digiri 4 yis ba ya mutuwa, barci kawai yake yi, wuta na ɗaukewa ya farka.

Abin da ya fi burge ni, magabata sun san wannan. A Sahihu Muslim, Ibn Abbas ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari da rana ta uku har yamma, abin da ya ragu ya sa a shayar ko a zubar. Kwana uku, a ƙasa mai zafi. Ni a gidana, in babu sanyi, ba na kai wa ukun ma.

Alamomi huɗu ne: ƙananan kumfa na tasowa daga ƙasa, murfi ya yi "tsss" idan an buɗe, zaƙi ya ragu ba tare da an ƙara ruwa ba, sai kuma wari kamar na ƙullin burodi. Biyu suka haɗu, kada a kai masallaci.

Saida, wain, biya, pito: ba duk giya ba ce? Mene ne bambancin?

Ta fuskar hukunci duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ta fuskar aiki kuwa, bambancin yana wurin da sukarin ya fito.

Wain daga inabi ne, shi kuma inabi sukarinsa ya kusa ninka na yawancin 'ya'yan itace, shi ya sa yake kai kashi 12 zuwa 14. Kusa da nan ne yis yake shaƙewa da abin da ya fitar da kansa ya tsaya. Saida daga ruwan tuffa ne, an san shi a yammacin Ingila, da Nomandi a Faransa, da Asturiyas a Sifen. A Amurka kuma sunan nan ruwan tuffa zalla yake nufi, sai an ƙara masa wata kalma kafin ya zama mai maye. Wanda ya je can ko nan sai ya karanta jikin kwalba. Mu tuffa ba ta yi a ƙasarmu don tana son sanyin hunturu, wadda ake jerawa a kasuwar Kejetia shigo da ita ake yi, da yawa daga Afirka ta Kudu.

Na hatsi shi ne mai wahala, don hatsi ba sukari gare shi ba, sitaci ne, yis kuma ba ya iya cin sitaci. Dole a jiƙa hatsin ya tsira, tsiron ya fitar da sinadarin da ke farfasa sitaci ya koma zaƙi. Turawa da sha'ir suke yi. A Babariya ta Jamus har doka aka kafa a 1516 cewa ruwa da sha'ir da furen hof kaɗai za a sa. Ba a ambaci yis ba.

Akwai wata dattijuwa Badagarta, wato 'yar ƙabilar Dagarti, mutuniyar yankin Upper West, da muka yi maƙwabtaka da ita ina yaro. Na sha leƙa yadda take aiki. Ta jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta rufe har ta tsira, ta shanya, a niƙa, ta dama ta dafa, ta bar shi ya kwana ya yi tsami, ta sake dafawa ta tace. A wannan matakin ruwa ne mai zaƙi-zaƙi, babu maye. Sai ya huce ta zuba yis ɗin da ta ajiye daga dahuwar baya, kafin gari ya waye ya zama pito. Wanda ya taɓa ganin ana sa tsiro ko ɗanyen dankali a kunun zaƙi, to dabarar farkon ɗaya ce. Kakanninmu dai sukan sauke tukunya tun da wuri.

Yaya ake yin khal na abarba?

Asantawa na cewa aborobe, mu mu ce abarba, kuma masu yanka ta a bakin titi kyauta suke ba ni ɓawon, har da godiya na rage musu shara. Na fi son doguwar nan mai farin ciki da ake kawowa daga wajen Mankessim, ta fi zaƙi.

Ɓawo da zuciyar abarba biyu, a wanke a yayyanka. Ruwa lita 3, wanda aka tafasa ya huce, don maganin da ake sa wa ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin da muke nema. Sukari giram 300, wato gwangwanin madara biyu da ɗan ƙari. Sai kofi ɗaya na tsohon khal ɗanye, wanda ba a dafa ba. A haɗa a babbar kwalba mai faɗin baki ko bokitin roba na abinci. Ban da tukunyar dalma, tsami yana cin ta. Galan ɗin Kufuor, jarkar nan rawaya ta man girki, ma bai dace ba, bakinsa ƙarami ne, ga warin mai da ba ya fita.

A rufe da ƙyalle mai tsabta, a ɗaure da roba. Iska ake so ta shiga, ƙananan ƙudajen nan masu jan ido kuma su tsaya a waje. Makon farko kullum a juya da muciya mai tsabta, a danna ɓawon ya nutse. Duk ɓawon da ya yi kwana biyu a sama, fumfuna zai kama shi. Zai yi kumfa, zai yi wari, kada a tsorata. Bayan kwana 7 zuwa 10 kumfar za ta kwanta. A tace, a zubar da ɓawon, a mayar da ruwan, a rufe da ƙyallen, a ajiye a wuri mai duhu.

Daga nan sai haƙuri, mako uku zuwa biyar, ba juyawa ba girgizawa. Lissafin a nan mai sauƙi ne: kowane kashi 1 na sinadarin maye yana komawa kusan kashi 1 na tsami, shi ya sa giram 100 a lita yake ba da khal mai kama da na shago. Ya nuna idan warin giyar ya ɓace gaba ɗaya, ƙamshin tsami ya doki hanci har ido ya kawo ruwa. Ka ɗiga kaɗan a kan garin kanwa, za ka ga ya tafasa. Sai a ɗura a kwalba a rufe, don in an bar shi a buɗe ƙwayoyin za su juya su cinye tsamin, a wayi gari da ruwa salam.

Malam, tunda ya bi ta giya, ya halatta kuwa?

Fatawa ta malamai ce, ni alli nake riƙewa. Zan faɗi abin da na karanta a gabansu. Annabi (SAW) ya yabi khal, ya ce madalla da shi a matsayin mahaɗin abinci, hadisin yana cikin Muslim. A cikin Muslim ɗin kuma, Anas ya ruwaito an tambaye shi ko a mayar da giya khal, ya ce a'a. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juya da kanta ta zama khal ta tsarkaka. Saɓanin yana kan wanda ya juya ta da gangan: Hanafiyya sun halatta, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun hana. A fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure, an lissafa giyar da aka mayar khal cikin abubuwa masu tsarki, duk da an ruwaito ƙin aikin daga Imam Malik.

Malamai sun kuma bambanta wanda ya ajiye giya da wanda tun farko khal ya nufa da ruwan 'ya'yan itacensa. An ruwaito daga Imam Ahmad cewa a zuba khal a kan ruwan inabin tun kafin ya fara kumfa. Da na karanta wannan sai da na yi murmushi, don shi ne amfanin kofin tsohon khal da na ce a zuba ranar farko: ƙwayoyin tsami suna nan a shirye, suna cin sinadarin mayen tun yana fitowa, ba ya taruwa sosai. Aikin yana ɗan jinkiri, amma na fi samun natsuwa.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari. Sai dai ya sani koko ma, na gona ba na safe da ƙosai ba, ta wannan hanyar yake bi. Manomanmu na tara 'ya'yan a kan ganyen ayaba su rufe kamar kwana shida. Yis ya fara cin farin ruwan da ke jikinsu, ƙwayoyin tsami su biyo baya, zafi ya tashi. In ba a yi haka ba, cakulan ba zai yi ƙamshi ba.

Wani farin abu ya rufe saman nawa. Ya lalace?

Taɓa shi da cokali. Idan santsi gare shi, mai kauri kamar ganda da ta dahu, barka, uwar khal ce. Ƙwayoyin ne suka saƙa ta, kuma da ita za ka fara na gaba. Idan siririn fari ne mai yamutsewa kamar saman kunu, wani yis ne mara cutarwa, kwashe shi. Idan kuwa gashi-gashi ne, kore ko baƙi ko ruwan hoda, fumfuna ce. Zubar da duka, kada ka ce za ka yaye saman.

An ce abin da aka haɗa a gida yana makantar da mutum.

Mai makantarwar sunansa metanol. Yana fitowa ɗan kaɗan ƙwarai daga 'ya'yan itace, bai kai ya yi illa a sobolo ko khal ba. Haɗarin yana wurin masu turara giya su tattara tururin, kamar akpeteshie, da marasa tsoron Allah masu gauraya ta da sinadarin masana'anta don riba. Akpeteshie daga bammi ko ruwan rake ake yin sa. Turawan mulkin mallaka sun haramta shi, sunan ma da harshen Ga ɓuya yake nufi, sai a 1962 aka halatta. Ni ko kusa da wannan fagen ba na zuwa. A bokitin gida, abin tsoro biyu ne: ƙazanta da gilashi.

Khal yana maganin ciwon suga da rage tumbi, kamar yadda masu sayar da khal ɗin tuffa ke faɗa?

An yi masa kirarin da ya fi ƙarfinsa. Mahaɗin abinci ne mai kyau, yana gyara salak da kifi. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye don khal. Kada kuma a sha shi tsura, yana cin haƙori yana ƙona maƙogwaro. Cokali ɗaya a kofin ruwa ya isa, mai gyambon ciki kuma ya haƙura.

Wani abu: na gida ba a san ainihin ƙarfinsa ba sai an auna. Don adana kayan lambu na watanni, a sayi na shago da aka rubuta kashi 5 a jikinsa.

Zan iya sayarwa?

Duk abin ci ko sha da za a ɗura a kwalba a liƙa masa suna a kai shago, dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ce sai an yi masa rajista da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna. Suna da ofis a nan Kumasi. A je a tambaya kafin a buga takardar liƙawa.

Yazawa fa? Na ji ka ambata.

Ita ce ke ci mini rai. Daga Fabrairu zuwa Mayu, a wajen Wenchi da Techiman da Sampa, manoma ƙwallon kawai suke cirewa, su bar 'ya'yan a ƙasa suna ruɓewa. Wani tsohon ɗalibina direba ne a hanyar, yakan taho mini da bokiti guda. Dole a yi aikinta ranar da ta iso, don ba ta kwana. Ruwanta yana da sukarin da ya isa, ba na ƙara ko cokali. Baurin nan da ke kama harshe yana raguwa idan an turara ta minti biyar kafin a matse. A sa tsohuwar riga, tabonta ba ya fita, na yi asarar farar jamfa ɗaya kafin in koya.

Za ka sam mini uwar khal?

Zan bayar, kyauta. A zo da kwalba mai faɗin baki, wankakkiya, ranar Asabar bayan Azahar. A zuba ta a sabon haɗi cikin kwana biyu ko uku, kuma kada a saka ta a firiza. Masu turo yara, a gaya musu ba alewa ba ce. An taɓa yi.